Ambaliyar da Kofur Yari Ya Kawo Katsina

Mutanen Ƙofar Sauri Kofur Yari suke ce masa, amma bai taɓa zama kofur ba. Farabiti ya shiga soja, farabiti ya fito, ko igiya ɗaya ba a taɓa ɗinka masa a hannun riga ba. Da ya dawo gida ya yi wajen shekara biyu yana faɗa wa mutane haka, su kuwa sai su ce, "Allah sarki, Kofur akwai ƙanƙan da kai." Daga nan ya haƙura. Har ya rasu, a shekarar da Katsina ta samu jiha, da wannan muƙami ake kiransa, da shi kuma aka yi sanarwar jana'izarsa.

Sana'arsa gyaran fitila da risho. Rumfarsa tana jingine da katangar wani gida, taku kaɗan daga ƙofar gari: kwano uku a sama, akwatin lagwani da ƙwan fitila a ƙasa, sai benci guda da ya sa aka yi domin masu jiran gyara, wanda masu hira suka ƙwace tun yana sabo. Mutum ne gajere, mai tsabta, mai son a mayar da komai inda aka ɗauko shi. Irin waɗannan mutane ba su cika jin daɗin duniya ba.

A jikin katangar, saitin kansa, akwai hoto rataye a ƙusa, cikin firam na maɗaci da gilashi. Baƙi da fari ne, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. A ciki ana ganin wata katanga mai kauri wadda rabinta ya zube, da ƙofa mai baka da ta rage tsaye ita kaɗai, da hasumiya da aka ɓantare wa kai, da bakin igwa a karkace cikin ɓaraguzai. A bayan duk wannan akwai ruwa shimfiɗe har inda ya haɗu da sama. Mutum ko ɗaya babu.

Matsalar ke nan. A Katsina hoto na mutum ne. Mutum zai yi wanka, ya ari babbar riga, ya je wajen mai hoto, ya zauna kusa da tukunyar furen roba, ya ɗaure fuska kamar an aiko masa da sammaci. Wanda aka miƙa wa hoto kuwa, abin da zai fara tambaya shi ne wane ne wannan. Saboda haka duk baƙon da ya zauna a bencin Yari sai ya ƙura wa hoton ido, ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu, sannan ya ce, "Kofur, kai ina kake a ciki?"

"Ina bayan mai ɗauka."

"To mi ya hana ka zagayo?"

Shekara talatin da 'yan kai yana amsa wannan tambaya.

Asalin hoton kuwa ga shi. Yari da Mamman, ɗan maƙwabtansu, tare suka tashi, tare kuma suka shiga soja lokacin yaƙin Hitila. Wanda ya zo ɗibar samari ya ce Kaduna za a kai su. An kai su Kadunan, ba a dai gaya musu cewa daga can tafiyar za ta soma ba. Aka zuba su a jirgin ƙasa zuwa Ikko, aka zuba su a jirgin ruwa, suka yi makonni Mamman yana amai yana rantsuwa cewa in ya koma gida ko kududdufi ba zai sake tsallakewa ba. Aka sauke su a gabashin Afirka, aka ce su kori sojojin Italiya daga ƙasar Somaliya.

A can ne suka iso wani tsohon sansani na dutse a bakin teku. Jiragen yaƙi sun kwana biyu suna yi masa luguden wuta daga cikin ruwa, kuma kafin su Yari su ƙaraso masu tsaronsa sun gudu. Duk yaƙin da suka yi a wurin shi ne tafiyar ƙasa cikin rana. Mamman ya ga inuwa a gindin abin da ya rage na katanga, ya zauna ya cire takalmi. Ya cire ɗaya. Katangar ta sauko.

Sun tona da hannu da bakin bindiga har la'asar, dutsen ya fi ƙarfinsu, aka busa a tashi. Baturen hafsan da Yari ke ɗaukar wa kaya yana da na'urar hoto, kuma tsayuwar ƙofar nan ita kaɗai ta burge shi, sai ya ɗauka. Daga baya ya ba Yari guda. A kusurwar ƙasa ta dama, ƙarƙashin hasumiyar, akwai tulin duwatsu. Nan Mamman yake.

An kai Yari yaƙin ƙasar Bama ma bayan haka, amma ba shi da hoton can, kuma ba ya yawan zancenta. Da ya dawo Katsina ya je gidan su Mamman gaisuwa. Al'adar waɗanda suka dawo ita ce su ce mamacin ya kashe bakwai kafin a same shi. Yari ya durƙusa a gaban uwar Mamman ya ce, "Takalmi yake cirewa, gini ya faɗa mishi." Mutanen gidan suka ji haushinsa ƙwarai, ban da Hajo, ƙanwar Mamman. Bayan shekara biyu ta aure shi. In an tambaye ta dalili takan ce mutumin da ya kasa yi wa gawa ƙarya ba zai iya yi wa mai rai ba. Takan ƙara da cewa ba ta san abin zai yi yawa haka ba.

Sharaɗi ɗaya ta kafa: hoton ba zai kwana a gidanta ba. Ta san yayanta yana ciki, ba ta taɓa tambayar ta ina ba, kuma ta ce ba a kwana da kabari a ɗaki. Shi ya sa hoton ya zauna a rumfa, yana shan hayaƙin kananzir, Yari yana goge gilashinsa da gefen riga kowace safiya.

Haka aka tafi har soja suka ce sun gaji, za su mayar wa farar hula mulki a shekarar 1979. Aka ɗage takunkumin siyasa, jam'iyyu biyar suka fito, kowace da tutarta da lasifikarta. Yari bai shiga ko ɗaya ba. Ya ce ya riga ya taɓa bin mutumin da ya zo da alkawari.

Wata ranar Talata, damina ta kusa, Malam Yahaya ya kawo risho gyara. Yahaya ɗan unguwa ne, malamin firamare, wanda ya ajiye alli ya zama sakataren kamfen na Alhaji Babaji, wani attajirin hatsi mai neman kujerar majalisar jiha a Kaduna. Ya gaishe da Yari gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, sannan ya ɗaga kai ya ga hoton. Bai tambayi ina Yari yake a ciki ba. Cewa ya yi, "Baba Kofur, ina ne nan?"

Yari ya ajiye ƙarfen dalma. A shekara talatin ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. Ya ba da labarin tun daga Kaduna har takalmin, Yahaya yana gyaɗa kai, idonsa a kan ƙofar nan mai baka. Daga baya ne aka gane cewa gyaɗa kan na lissafi ne.

"Baba, wannan ai tarihi ne," in ji Yahaya. "Bai kamata ya zauna cikin hayaƙi ba. Ka ba ni aronsa kwana uku, in kai Kano a fitar da babba, mu rataya a makaranta yara su gani."

"Ka dai ji abin da ke ciki."

"Na ji, Baba. Kamar ƙwai zan riƙe shi."

Yari ya naɗe hoton da tsohon rawani, ya miƙa da hannu biyu. Rishon ma bai karɓi ladan gyaransa ba.

Kwana uku suka zama goma sha shida. A safiya ta goma sha bakwai Yari ya fito zai buɗe rumfa, ya tarar da hotonsa a jikin kowace katanga daga ƙofar gidansa har bakin titi. An fitar da babba kam, wannan alkawarin an cika. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: GA YADDA AKA BAR GANUWAR KATSINA. A ƙasa: RUWA YA CI ƘOFAR SAURI, MANYA SUN YI SHIRU. ZAƁI ALHAJI BABAJI. Tun da kuma hoto ba ya yiwuwa babu mutum, an sa fuskar Alhaji Babaji, da hula da murmushi, a kusurwar ƙasa ta dama, daidai kan tulin duwatsun.

Da ya isa rumfa ya samu bencin ya cika. An ɓamɓaro takardar guda an shimfiɗa a tsakiya, dattawa sun sunkuya a kai. Mai jawabi shi ne Malam Salihu, tsohon dillalin jakuna, wanda ba a taɓa yin wani abu a Katsina ba ya wurin ba.

"Ni na san ranar," in ji Malam Salihu. "Shekarar da anka yi fara ce. Ruwa ya kwana ya wuni. Nan, nan inda yatsana yake, nan jakina ya nutse, wani aura mai farin baki."

Abbas tela ya ce, "A'a, Malam, bayan fara da shekara biyu ne. Ni a ka anka ɗauke ni."

"Teku ne," in ji Yari.

Aka juyo, aka gaishe shi, aka tambayi iyali, aka koma kan takarda.

"Na ce teku ne! Bahar ne, ruwan gishiri. Ƙasar Somaliya ce, sansanin Italiya ne. Kun fi shekara talatin kuna zamne ƙarƙashin hoton nan!"

"Taliya kuma?" in ji Abbas. "Wadda muke ci da mai da yaji?"

"Kofur," in ji Malam Salihu cikin lallashi, "naka daban, wanga daban. Naka ƙarami ne. Wanga ko ga rubutu nan, an ce Ƙofar Sauri. Gwamnati za ta bari a buga ƙarya da inji?"

"Ganuwarmu ta ƙasa ce. Wanga dutse ne, ku duba!"

"Ƙasar mutanen da ai ta fi dutsen yanzu."

"To igwar fa? Ga bakin igwa nan!"

Malam Salihu ya kawo takardar kusa da ido, ya nisanta ta, ya ce, "Kwalbati ne. Shi ne ma ya toshe."

Yari ya ɗaga hannu ya nuna ƙofar gari, wadda take tsaye a gabansu, ƙasa da jifa guda, babu hasumiya, babu ruwa, wata akuya tana sosa jiki a gindinta. Ya ce su dubi wannan su dubi wancan. Suka duba. Malam Salihu ya girgiza kai cikin jimami ya ce, "Ka ga yadda ta koma. Da har hasumiya gare ta."

Kafin sati ya zagayo ambaliyar ta samu shekara, ta samu wata, ta samu waɗanda suka yi iyo a cikinta. Wata tsohuwa a Ƙofar Marusa ta tuna cewa a ranar aka haife ta. Mutanen da ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce gwiwa ba sai bayan mamakon Agusta suka riƙa kwatanta yadda igiyar ruwa ke dukan ganuwa. Ba ƙarya suke yi ba a ganinsu. Sun ga abin a takarda, kuma ba kyau a ce an yi babban abu a garinku kai ba ka sani ba.

Yari ya rufe rumfa ya tafi ofishin kamfen, wani shago da aka kwashe buhunan gero aka sa tebur. Yahaya ya taso da sauri, ya ba shi kujera, ya aika a kawo ruwan sanyi.

"Ba ruwa ya kawo ni ba. Ina hotona?"

"Yana Kano, Baba, wajen masu bugawa."

"Ka ce makaranta."

"Baba, ai gari duka makaranta ne. Da mutum nawa ke ganinsa? Yanzu har Jibiya an san shi."

"An san shi da sunan wa? Na gaya maka wanda ke ƙarƙashin duwatsun nan. Ka ɗauki kan Alhaji ka aza mishi!"

Yahaya ya sosa ƙeya. Ya ce wannan ba shi ba ne, mai bugawa ne ya ga wurin babu komai. Ya ce a dawo jibi.

Jibi hoton yana hanya, a motar wani direba da ya tsaya Bichi gaisuwar rasuwa. Gata hoton ya iso, amma yana cikin durowa, mai makullin ya tafi ƙauye raba gishiri. Ranar da mai makulli ya dawo sai aka ga ashe durowar ba ita ba ce. Yari ya yi zuwa tara. Fitilun mutane suka taru a rumfa ba gyara, masu su suna zuwa suna samun dattawa kawai a benci, ana gardamar ko jakin Malam Salihu ya nutse ne ko ruwa ya tafi da shi.

A gida bai ce komai ba, amma Hajo ta sani, domin an ƙunso mata daddawa a cikin takardar. Ta warware, ta shimfiɗe ta a kan faifai, ta daɗe tana kallo. Da ya dawo ta ce, "Malam, wanga ba hotonka ba ne?"

"Shi ne."

"Kai da ko allura ba ka ba da aro sai an kawo shaidu?"

"Ya saurare ni ne."

"Ikon Allah. Ni shekara talatin ina saurarenka, ko ƙwan fitila ban samu ba." Ta ninke takardar, ba ta jefar ba, ta sa a ƙarƙashin kwano. "Ka tahi ka amso shi. Yayana ba ɗan jam'iyya ba ne."

Ana cikin haka wani mutum daga jam'iyyar abokin hamayyar Alhaji ya zo rumfa, ya zauna, ya rage murya, ya ce sun ji labarin hoton nan ƙarya ne, kuma suna so Kofur ya fito ya faɗa wa duniya a lasifika. Yari ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Ya ce a shirye yake, ko yanzu.

"Madalla," in ji mutumin. "Abin da za ka ce, ba Ƙofar Sauri ba ce, Ƙofar Marusa ce. Kuma uban Babaji ne ya haƙe ƙasar ganuwa ya gina rumbuna, shi ya sa ruwan ya samu hanya."

Ƙarfen dalma yana cikin wuta a lokacin, Yari ya zaro shi. Mutumin ya bar takalminsa ɗaya a rumfar, bai kuma dawo nema ba.

Daga nan Yari ya yanke shawarar ganin Alhaji Babaji da kansa. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya je zauren Alhaji da hantsi, ya bi layin masu neman taki da masu neman a sa baki a shari'ar gona. Alhaji mutum ne mai fara'a, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya riƙe hannun Yari da hannu biyu.

"Kofur! Mazan jiya! Kai ne mai hoton namu. Wallahi hoton nan ya fi mini mota uku ta lasifika."

Yari ya yi bayani a tsanake, kamar mai ba da rahoto. Ya faɗi ƙasar, ya faɗi shekarar, ya faɗi sunan Mamman da na ubansa. Ya ce abu biyu yake so: a ba shi hotonsa, kuma a faɗa a taro cewa ba Katsina ba ce.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya yi wa Mamman addu'a, aka shafa. Sannan ya ce, "Kofur, in tambaye ka. Somaliyar nan tana cikin mazaɓata?"

"A'a."

"To ka gani. In na hau mumbari na ce ganuwar Somaliya ta rushe, wa zai ba ni ƙuri'a? Kuma tsakani da Allah, tamu ganuwar ba ta lalace ba?"

"Ta lalace, amma ba teku ne ya ci ta ba. Mutane ne ke ɗiba suna yaɓe."

"To masu ɗibar su ne masu zaɓen. Ka ga ruwa ya fi sauƙin zargi." Ya yi dariya, zauren ya taya shi. "Hoto kuwa naka ne, ba mai riƙe maka. A gama zaɓe, Yahaya zai kawo har gida." Ya sa a ɗora wa Kofur buhun gero a amalanke. Yari ya ce shi ba jaki ba ne, ya fita. Aka ce zafin soja ne, ba ya barin mutum har tsufa.

Aka yi zaɓe cikin ruwan Yuli. Alhaji Babaji ya ci. Masu nazari a bencin Yari sun tabbatar cewa ambaliyar ce ta ba shi, musamman a wajen waɗanda suka yi asara a cikinta. Ya tafi Kaduna, ya yi shekara huɗu, kuma a iya sanin mutanen unguwa ko kwandon ƙasa ba a zuba wa ganuwa ba. Ba wanda ya riƙe shi da wannan. Ruwa dai bai sake ci ba, an ce ko wannan ma aiki ne.

Hoton ya dawo ne bayan an rantsar da gwamnati, a farkon Oktoba, da yamma. Yahaya ya kawo shi gida da kansa, sanye da sabuwar shadda, ya miƙa a ƙofar zaure ya ce yana sauri. Rawanin da aka naɗe shi bai dawo ba. Gilashin ma babu. Yari ya juya hoton ya fahimci abin da ya sa durowa ta yi ta ɓata: mai bugawa bai wahalar da kansa ba. Ya yanko kan Alhaji daga wani hoto da almakashi, ya shafa gam, ya manna a kan na asalin, sannan ya ɗauki hoton duka. Kan Alhaji yana nan daram a kan Mamman, ya bushe, yana murmushi.

Yari ya tsaya a zaure, bai shiga ba, domin sharaɗi sharaɗi ne. Ya sa farce a gefen hular Alhaji, ya ji takardar ƙasa tana shirin biyowa, ya janye hannu. Mutumin da ya yi shekara talatin yana raba ƙarfe da ƙarfe ya rasa yadda zai raba takarda da takarda.

"Malam, da wa kake magana?" in ji Hajo daga tsakar gida.

"Ba kowa."

"To ba kowan kake zagi?" Ta leƙo, ta ga abin da ke hannunsa. Ta dube shi, ta dubi hoton. "Shigo da shi."

"Kin ce ba ya shiga."

"Na ce ba ya kwana. Yanzu la'asar ce. Kai da kake son magana daidai."

Ruwan tuwo yana tafasa a murhu. Ta karɓi hoton, ta zare shi daga firam, ta buɗe tukunya, ta kifa kusurwar a kan tururi, nesa kaɗan, tana juyawa kamar mai gasa masara. Yari yana tsaye a kanta yana cewa a hankali, ya isa, za ki jiƙa shi, matsa baya. Ta ce in bai yi shiru ba za ta saka shi duka a ciki. Gam ya yi laushi. Ta sa bakin tsinken tsintsiya, ta ɗaga hular, ta ɗaga goshin, fuskar Alhaji ta taso a nannaɗe ta faɗa cikin toka.

Amma ba ita kaɗai ta taso ba. Ta ɗebo fatar hoton. Inda tulin duwatsun yake, yanzu fari ne fat, kamar girman babban yatsa.

Yari ya zauna a kan turmi. 

Hajo ta kai hoton bakin ƙofar ɗaki inda haske ya fi, ta riƙe shi nesa da ido saboda ganinta ya ragu. "Nan ne?"

"Nan ne. Sun cinye shi."

"Daidai nan?"

"Daidai."

Ta daɗe tana dubawa. Ta bi katangar da yatsa, ta bi ƙofar, ta tsaya a kan ruwan. "Duk wanga ruwa, shi da ko wankan rafi ba ya so." Ta ɗago kai. "Gabas ta ina take a nan?"

Yari ya taso, ya karkata kai, ya yi tunani na gaske, domin ba ya amsa abin da bai tabbatar ba. Ya ce a can ba gabas ake kallo ba, arewa ake fuskanta, wajen hasumiyar.

"To ya fuskanci alƙibla?"

"Ban sani ba, Hajo. Zamne yake."

"Ko yanzu ba za ka ce e ba."

"Ban gani ba."

Ta ja tsaki, ƙarami. Ta ɗora hoton a kan cinyarta, ta juya shi har hasumiyar ta kalli gabas ta Katsina, ta ɗaga hannu. Yari ya ɗaga nasa. Suka yi addu'ar da ba ta samu yi a kan kabari ba shekara talatin da takwas, suka shafa.

"Sai ka nemo gilashi," in ji ta, tana miƙa masa. "Kuma ka ɗebo mini ruwa a randa. Na tuwon ya ƙone saboda kai."